Lomar Farko

Talata, 1 ga Oktoba, 1996
Rediyo ta ce an ba mu jiha, kuma Lafiya ce hedikwata. Tun hantsi motoci ke ta hon, har nan Akurba muna ji. Ashafa ya shigo yana washe baki kamar shi aka naɗa gwamna. Sai ya tsaya tsakar gida yana bin ɗakuna da ido ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan nawa. Autana ne, ba ya iya ƙulla komai shi kaɗai. Wadda ke bayansa nake tsoro, matarsa Doose.

Juma'a, 4 ga Oktoba
Ta sake yi. Ta kawo min sakwara da miyar riɗi, ta durƙusa, ta gutsiri loma daga kwanona ta ci a gabana, sannan ta turo min. Ruwa ma sai ta kurɓa. Tun da aka kawo ta daga ƙauyensu na wajen Agyaragu haka take yi, ni kuma na kasa sabawa. A gidanmu suruka ta sa hannu a kwanon uwar miji? In raini ne, raini ne. In kuwa so take ta nuna min babu magani a ciki, to wa ya tambaye ta? Mai gaskiya ba ya fara rantsuwa.
Na ci dai. Miyar ta yi daɗi, ban gaya mata ba.

Laraba, 16 ga Oktoba
Ma'aikata sun fara kwararowa daga Jos da katifu a kan mota. Maƙwabtanmu sun kwashe awaki daga ɗaki sun sa haya. Kowa maganar ɗaki yake.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Doose ta shigo da igiyar awonta ta ɗinki a wuya, wai za ta auna tagata ta yi min labule. Labule. Shekara biyu da rasuwar maigidana Malam ina zaune da tsohon zane a tagar nan ba wanda ya damu, sai yanzu. Ta kuma leƙa ƙarƙashin gado, inda na tura buhunan kwanukan jerena tun da na fita takaba. Ta tambayi me ke ciki. Na ce kayan mutane.
A ɗakin nan na haifi 'ya'yana duka. A nan aka yi wa Malam wanka. Ba inda zan je.

Litinin, 4 ga Nuwamba
Doose da Ashafa sun yi ta magana ƙasa-ƙasa a shagonta na ɗinki da ke bakin titi. Na ji "ɗakin Mama" sau biyu, na ji ta ce "a'a" da ƙarfi. A'a ga me? Wataƙila kuɗin hayar ne bai yi mata ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Gwangwanin fenti biyu a bayan randa, an rufe da buhu. Shuɗi. Ni dai ban ce a saya ba.
Yau miyar karkashi ta gwada, irin tawa. Ta cika kanwa, daddawa kuma ta yi kaɗan. Na gaya mata. Maimakon ta ɓata rai sai ta zauna a ƙasa ta ce, "Mama, ka koya min." Hausarta ba ta nuna ba, har yau "ka" take ce min. Na ce gishirin kanti ba ya miya, sai na Keana, irin wanda Malam ke sa a kawo. Daga baya na yi nadamar faɗa. Na ba ta ƙofa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba
Ga shi kuwa. Wai za ta raka ni Keana in ga ƙanwata Sabuwa, in huta mako biyu, mu sayo gishiri. Ashafa ya yi saurin cewa shawara ce mai kyau, idonsa a ƙasa. Za ni, don na daɗe ban ga Sabuwa ba. Amma mabuɗin ɗaki zai kwana a bakin zanena.

Litinin, 2 ga Disamba, Keana
Hanya ta girgiza min ƙashi. Doose ta yi faɗa da direba har ya ba ni gaba. Rabona da fita gari tun kafin ciwon Malam, na manta yadda gonakin doya ke shimfiɗe, da tulin da ake jerawa bakin hanya. Na kama kaina ina murmushi, na daina.
A Obi muka tsaya wurin goggonta Mnena mai sayar da abinci. Mnena ta kawo min ruwa, ta kurɓa, ta miƙo. Na ce a raina ashe gado ne. Sai wani tsoho ya shigo da sanda, mahaifin Mnenar, ta zuba masa abinci, ta ci loma a kwanonsa, sannan ta ba shi da hannu biyu. Ubanta fa. Da ta ga ina kallo ta ce haka suke yi wa wanda suke girmamawa, in akwai abin cutarwa ya fara da mai ba da abincin.
To. Al'adarsu ce, na ji. Wannan bai goge maganar fenti ba.

Laraba, 4 ga Disamba
Doose ta koma jiya da ƙullin gishiri. Kafin ta tafi ta roƙi mabuɗi, wai za ta share. Na hana. Sabuwa ta kira ni mai mugun zato, ta zare shi daga zanena ina salla ta ba ta. Ƙanwata ta ciki ɗaya!
Mun je inda mata ke tace ƙasa a tukwane suna dafa gishiri. Na ɗanɗana da yatsa, sai ga Malam a raina yana cewa a ƙara kaɗan. Na yi kuka, na ce hayaƙi ne.
Sabuwa ta yi min tuwon dawa da miyar kuka mai kifi. Ta ajiye min kwano ta tafi abinta. Na tsaya ina jiran wani abu, ban san me ba.

Asabar, 7 ga Disamba
Ba zan kai mako biyu ba. Gobe zan koma ba tare da sanarwa ba, in kama su da idona.

Lahadi, 8 ga Disamba, gida
Da azahar na sauka. Abin da na fara gani, baƙon takalmi da katifa a shagon Doose. Allon ɗinkinta an cire. Wani mutum mai furfura kaɗan ya fito ya gaishe ni da ladabi, ya ce sunansa Abdulsalami, daga ma'aikatar ayyuka aka turo shi, shi ne ɗan haya. Na tambaye shi, a shago? Ya yi dariya, bai san me yake fasawa ba.
"Ai Hajiya, wancan ɗakin na ciki maigidan ya fara nuna min, ya ce tsohuwa za ta koma wajen ƙanwarta. Sai madam ta zauna a bakin ƙofar ta ce Mama yana ciki, Mama zai ci gaba da zama ciki. Ta ce in ɗauki shagonta."
Na shiga. Keken ɗinkinta na ƙarƙashin mangwaro, an lulluɓe da leda saboda tsuntsaye. Ɗakina a buɗe, bango shuɗi, labule mai furanni, sabuwar ledar ƙasa. Doose a kan kujera tana jera kwanukana a kabad, duk ta wanke su da toka suna ƙyalli. Ta juye jeren gaba ɗaya, manyan langa a sama, ƙananan tasa a ƙasa, samira ta haɗu da fanteka. Ta gan ni ta kusa faɗowa. Ta ce ba ta gama ba, me ya dawo da ni.
Abin da ya fito bakina kawai, "Ba haka ake jere ba."
Na nuna mata. Har la'asar muna yi, ina miƙa mata tana ɗorawa.

Litinin, 9 ga Disamba
Ashafa ya zo gaishe ni, ya tsaya daga waje yana yabon fenti. Na bar shi ya yi ta yabo. Ni na haife shi, ni na goya shi, ban taɓa kawo shi a raina ba. Wannan ne ke min ciwo, ba komai ba.

Alhamis, 12 ga Disamba
Masu kawo ɗinki sun ragu, ba kowa ke son shigowa cikin gida ba. Doose ba ta yi ƙorafi ba. Rana na dukanta a gindin mangwaro daga azahar. Na sa an shigo da keken ɗakina, gefen taga, don kawai kada ya yi tsatsa. Ƙararsa ta hana ni barcin rana. Labulen ma furannin sun yi yawa. Da safe in rana ta bugo su suna zuba a bango, ina kwance ina kallo. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 13 ga Disamba
Na shiga kicin yau, karo na farko tun rasuwar Malam. Miyar karkashi da gishirin Keana, daddawa yadda ya kamata. Na zuba wa Ashafa nasa aka kai masa. Na Doose ni na kai mata bakin keke. Ban san yadda aka yi ba, na gutsiri loma na ci kafin in miƙa. Ta tsayar da keken, ta kalle ni, ta kalli kwanon, sai ta karɓa da hannu biyu.
Gishiri nake dubawa.