Layi Ɗaya a Rumbun Mardiya

Mayahi, Litinin

Zuwa ga Yaya Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Tasawa, ya ƙarin haƙurin Baffa? Na yi ta kiran wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kin ji na samu aiki a ƙungiyar makiyaya. Ranar Alhamis zan saka wani lojisiyel, wato manhaja, na rigakafin shanu a ordinatoci, kwamfutoci ke nan, guda biyar, a gaban direkta da su Ardo. To yau ko na buga pip install, umarnin da ke ɗauko wa lojisiyel fakitin kayan aikinsa daga intanet, sai ya tsaya cak, ya ce bai samu fakiti ba, alhali rezo, wato intanet, garau yake. Don Allah mi ke kawo haka? Ke ce gwana.

Ƙanenki, Muniru

*

Tasawa, Talata

Muniru,

Wa alaikumus salam. Haƙuri da godiya.

"Wani lojisiyel" ka ce? Wata takwas na yi ina bin rugagen Urafane a bayan mashin kafin in gama shi, don in nemi wannan aikin da kake kai. Ranar addu'ar ukun Baffa ka ari ordinatata, wai za ka duba saƙo, ka kwashe shi a kile, ɗan filashin USB. Ina tsakar gida ina karɓar gaisuwa.

Ka san yadda na gane? Venv ɗin da ka kwafa, wato keɓaɓɓen ɗakin da lojisiyel ke zama, ba ya ɗauko fakiti daga babban rumbun duniya. Tawa ordinata na mayar masa rumbu, na tara duk abin da yake buƙata. Kwana goma ina kallon wata na'ura daga Mayahi tana zuwa awo gidana ba sallama. Daren Lahadi na zare wayar rumbun.

Tunda kai ka rubuta shi, ai ka gyara.

Ka huta lafiya. Mardiya

*

Mayahi, Laraba

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Na yi, ban musa ba, kunya kamar in nutse. Amma ki duba matata Zara'u, watan haihuwarta ya kama, kuma na riga na kwaso ta daga garin Sarkin Hausa mun kama ɗaki a nan. In abin nan ya ƙi tashi gobe, kora ce. Na goge, na sake kwafa daga kile har sau shida, kuskuren dai ɗaya. Ki kunna mini rumbun awa biyu kacal, daga ƙarfe tara. Wallahi daga baya zan faɗa wa direkta gaskiya. Don darajar Baffa.

Mai neman afuwa, Muniru

*

Tasawa, Asabar

Muniru,

Bayan gaisuwa. Na ji an sallame ka a gaban su Ardo, kuma Zara'u ta sauka lafiya. Barka. Direkta ya kira ni ya ba ni aikin, Litinin zan fara. Ban ji tausayinka ba, kar ka sake sa sunan Baffa a takarda.

Ga amsar tambayarka. Cikin venv akwai ɗan fayil, pip.conf. Layin index-url ne ke nuna gidana. Da ka goge shi, da pip ya koma babban rumbu komai ya tashi, ko minti ɗaya ba za ka ɓata ba. A samansa ma na rubuta da Hausa: "In rumbuna ya mutu, a goge wannan."

Sati biyu yana hannunka, ba ka buɗe ba.

A gaida mai jego. Mardiya