A Bar Baba Ya Ga Inda Audugarsa Take Zuwa

Zuwa ga Mai girma Manajan Masaƙa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikata da injunanku.

Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne a Kudan. Yabo na kawo, da ƙorafi guda.

Na ɗaya. Tun ina yaro audugarmu take hawa jirgi ta tafi Ingila, ta dawo mana a yadi, muna yi mata maraba kamar baƙuwa. Ku kuka rage mata tafiya. Yau a kasuwar Makarfi mutum yana shafa yadin akoko ya ce wannan namu ne. Na karanta jawaban samun mulkin kai da yawa, amma ban fahimce shi sosai ba sai ranar da na sa akokonku a jikina.

Na biyu. Mahaifina, Malam Tanko, manomin auduga ne, masaƙi kuma. Ku kuka sa ya rataye ƙoshiyarsa ta saƙa, bai kuwa riƙe ku a zuci ba. Cewa ya yi duk wanda ya saƙa zare bai ɗaya haka gwani ne, ya kamata a je a gaishe shi.

Na uku. Bayan kaka muka hau bayan lori har ƙofarku, Baba da babbar riga da goron gaisuwa. Maigadi ya ce sai da takardar izini. Muna tsaye wasu manya suka wuce cikin mota, waɗanda ban tabbata sun taɓa ganin auduga a jikin itacenta ba. Baba ya jingina da katanga ya saurari ƙugin injuna na ɗan lokaci, ya ba maigadi goron, muka juyo.

Na huɗu. Yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, ɗayan ma ya soma hazo.

Roƙona shi ne a ware rana guda bayan kaka don manoman Kudan da Paki da Ikara su shiga su gani. Ba za mu taɓa komai ba. Ta Baba kuwa, a taimaka a gaggauta. Kamar yadda tsofaffinmu suke yi, tuni ya yanki likkafaninsa, na akokonku, ya adana a adaka. Yana so ya ga inda aka saƙa shi kafin a sa masa.

Allah ya ƙara wa masaƙa albarka, ya tsare hannuwan ma'aikata, ya sassauta zuciyar maigadi.

Wassalam, daga mai jiran amsa,

Isiyaku Tanko, Kudan