Ƙauyen Waziri a Cikin Akwatin Inna

Litinin, 25 Satumba 2023
Rediyo ta ce Armeniyawa na barin duwatsun Karabak, gari-gari, saboda rigimar ƙasa. Can ne ƙauyen Wazgen, maigidana na aikin haƙar rijiyoyi, wanda 'yan garinmu Dogarawa suka kasa faɗin sunansa suka mai da shi Waziri. Shekara huɗu muna cin tuwo kwano ɗaya kafin ya koma ƙasarsu. Na kira, shiru.

Laraba, 27
Shiru har yau. Na lalata famfon mutane wajen gyara.

Juma'a, 29
Alhamdu lillahi! Saƙon murya ya shigo, da gurguwar Hausarsa: "Isufu, ina da rai. Gida babu." Kwana biyu suka yi cikin mota shi da tsohuwarsa. Wai sai da ta share tsakar gida ta ba kaji ruwa kafin ta fito.

Lahadi, 1 Oktoba
Hotuna sittin da uku ya turo. Coci na baƙin dutse da kakanninsu suka gina shekara ɗari bakwai da suka wuce. Idon ruwa inda amare ke fara ɗiba. Duwatsun kaburbura masu zane kamar aikin hula, kowane da sunan mai shi. Ya ce yana tsoron a rushe su, a ce ba a taɓa yin kowa a wurin ba. "Ka ajiye mini. Wurinka nesa ne, ba mai zuwa ya goge."

Ni mai gyaran famfo, an ba ni ajiyar gari guda.

Talata, 3
Na je Ƙonni aka wanke mini hotunan a takarda. Matata Sakina ta ga gicciye ta ɓata rai, wai me maƙwabta za su ce. Kakata Inna ta karɓa, ta daɗe tana kallon hoton tsohuwar Waziri.
"Wannan ce uwar yaron da ke cin barkono yana hawaye?"
Na ce ita ce.
"Amana ba ta da addini. Kawo nan."
Ta sa su cikin akwatinta, ƙarƙashin zanen aurenta.

Alhamis, 5
Waziri ya tambaye ni namu tsohon garin, na bakin iyaka, wanda su Baba suka baro lokacin rikicin gonaki. Sunan unguwa ko ɗaya ban sani ba. Na ce layi ba kyau. Shekara nawa Inna na roƙona in kai ta, ina cewa kufai ne, me za a gani.

Asabar, 14
Na ɗauki Inna a babur. Don ta sha iska ne kawai.

Gero ya rufe wurin da tsohon garin yake, babu ko katanga. Amma ta sauka ta kama tafiya kamar mai bin lungu. "Nan gidan Barmo maƙeri. Nan aka haifi ubanka, ranar kasuwa. Nan rijiya, kauce!" Na kuwa kauce, alhali ƙasa ce zalla. A wata ƙofa da babu ita ta tsaya ta yi sallama.

Na cika shafi goma sha ɗaya da bayaninta a littafin da nake rubuta kayan gyara. Ba wai tarihi nake yi ba.

Ta ce saura unguwar gabas, ƙafarta ta gaji. Na ce Asabar mai zuwa ba ni da aiki. Alhali ina da shi.