Rabin gaskiyar da na rubuta a kan Kawuna

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku yanke mini hukunci ku karanta har ƙarshe.

Ni ɗaliba ce a wata sakandare a Kankia. An shirya muhawara tsakaninmu da wata makaranta ta Kusada, kan wace ƙaramar hukuma ce ta fi iya tara kuɗin shiga. Ni ba na iya magana a gaban jama'a, sai aka ce in rubuta hujjoji, ƙawata Hindatu ta tashi ta faɗa. Malaminmu ya ce, "Ke da idonki ba ya barin komai, kawo mana abin da kika gani."

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin masu yanka wa 'yan kasuwa rasit a Kusada, kullum da jar hula a kansa, kuma a gidansa nake hutu, har kasuwa nake bin sa. Da safe in ya iso layin matan Fulani masu nono, gaishe su kawai yake yi ya wuce. Sai bayan azahar, nono ya yi ƙasa a ƙwarya, yake dawowa ya karɓi kuɗin rasit. Na taɓa tambayarsa dalili, ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, wadda ta tako daga ruga ko ludayi ɗaya ba ta sayar ba, me za ta ba ni? Fura?"

Na san wannan sarai. Amma na rubuta cewa a Kusada akwai mai jar hula da ke wuce layi guda bai yanki rasit ba, na bar zancen azahar. Me ya kai ni ambaton hular? So nake a ce hujjarmu ta fi, shi ke nan. Hindatu ta faɗa, aka yi tafi, muka ci. Ashe wani ya ɗauka a waya, maganar ta yi ta yawo har ta kai wurin aikin Kawu. Yanzu an ce ya zauna gida sai an bincika, ga iyali.

Shekaranjiya ya zo gidanmu, ba hular a kansa. Ina zuba masa ruwa, ya ce wa Inna, "Yaya, wanda ya kai zancen nan da safe ya gan ni, bai tsaya ba." Sai ya juyo gare ni, "Ke kin sha gani ina komawa. Ranar da masu binciken za su zauna, za ki raka ni ki gaya masu?" Na ce to, kaina a ƙasa.

An kira Hindatu ita ma, za a tambaye ta inda ta ji. Ta ce ba za ta yi ƙarya ba. In gaya wa Kawu tun yanzu cewa ni na rubuta, ko in bari ya ji a gaban mutane? Da wane baki zan fara? Jama'a, me zan yi?