Kantar Jarumai da Idon Mama

Litinin, 2 ga Yuni

An yi wa Mama aikin idon dama, an cire yanar. Likita ya ce ba sunkuyo, ba ɗaukar abu mai nauyi, ba talabijin, ba murza ido. Wato an ɗaure ta ke nan, matar da ba ta iya zama wuri ɗaya har shayinta ya huce. Yaya ya kawo mu gida, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce ai tunda Auta na nan hankalinsa a kwance yake. Autar ni ce. Na karɓi ledar magani.

Laraba, 4 ga Yuni

Na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da Mama, na leƙa shagon littattafan da nake aiki rabin yini. Kantata tana nan yadda na bar ta. Tun bara mai shago ya sakar mini wadda ke jikin taga, na cika ta da littattafan da mata ne jaruman labarin, kuma duk wanda ya tsaya a gabanta sai na cika shi da surutu.

Wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da fararen kayanta, tana neman wa 'yarta littafi. Ta ce yarinyar ta daina magana a gida, daga makaranta sai ɗaki. "Ki ba ni wanda yarinyar ciki ba ta jiran wani ya zo ya cece ta." Na ba ta na 'yar nan da ta karɓi tuƙin kwalekwalen fito bayan babanta ya kwanta ciwo. Na yi ta bayani har da hannu. Bakina ya san aikinsa a nan.

Da zan tafi mai shago ya kira ni sito. Zai buɗe reshe a wani gari, kusa da jami'a, kuma ni yake so in riƙe. Yana son amsa kafin ƙarshen wata. Na ce zan yi tunani. Bayan ya fita na tsaya ina gyara kwalayen da ba su bukatar gyara.

Juma'a, 6 ga Yuni

Zaman ya ishi Mama. Da safe na kama ta tana ƙoƙarin share falo da baƙin tabarau a fuska. Na ƙwace tsintsiyar, ta ce to in nemo mata abin yi ko ta haukace. Na ɗauko littafin matar da ta gaji garejin mahaifinta, baffanninta kuma suna so a sayar. Na fara karanta mata.

Ba ta bar ni na gama shafi ba. Wai duk tsawon lokacin da matar ke ƙarƙashin mota, wa ke dafa wa yaranta abinci? Na ce marubuciyar ba ta faɗa ba. Ta ce to akwai wadda ake ɓoye mana.

Asabar, 7 ga Yuni

Na wanke labulen da aka wanke makon jiya. Na canza wa kujeru wuri, na mayar da su. Ban gaya wa kowa maganar reshe ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na ajiye na gareji, na gwada mata na lauyar nan da nake yawan tallata wa ɗalibai. Ana cikin jawabinta na kotu Mama ta ɗaga hannu. "Wannan ba mace ba ce, lasifika ce." Na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma abin ya ɗan yi mini zafi, don ina son littafin. Ta ce a mayar mata da mai gareji. Wai ita waccan tsoro take ji kamar kowa, amma kullum sai ta ɗaga ƙofar garejin nan ta ƙarfe da safe.

Zan ci gaba da ba ɗalibai lauyar. Amma ina ganin zan daina cewa ita ce ta fi.

Alhamis, 12 ga Yuni

Yaya ya zo da lemo da ayaba. Ya zauna a hannun kujera, rabin ziyarar yana amsa waya. Ya ce likita ya sa aikin ɗaya idon wata mai zuwa, sai in nemi wani hutun tun yanzu. Na ce to.

To. Kalmar nan ta fi kowace saurin fita daga bakina. Tun muna yara haka: Auta ɗauko, Auta kai, Auta zauna da Mama. Shi namiji ne mai iyali da ofis, ni kuwa ba miji ba ɗa, aikina kuma wai sayar da takarda. Ba da mugunta yake yi ba, wannan ne ma abin haushin. Bai taɓa tsayawa ya duba ba ne kawai.

Na yi tunanin matarsa. A'a. Tana da goyo, tana da nata aikin, kuma ba ita Mama ta haifa ba. Ba zan sauke kayana a kan wata mace in ce na huta ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na fita sayen sabulu, na wuce shagon mai sabulun, na zagaya layin har sau ban san nawa ba. Na dawo ba sabulun.

Litinin, 16 ga Yuni

Ma'aikaciyar jinyar ta dawo tana fara'a. Yarinya ta cinye littafin, har ta fito falo ta yi musu da babanta a kan ƙarshensa. Tana son wani. Na ba ta na matar da ta koma aji tana da jikoki, da wani siriri a kan 'yan mata biyu da suka hana a rufe ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu.

Tana sa su a jaka ta dube ni ta ce, "Ke kam na san a gidanku ba mai taka ki." Na yi murmushi. Na miƙa mata rasit.

Mai shago ya wuce ta gabana, bai tambaya ba, ya dai ɗaga gira.

Laraba, 18 ga Yuni

Mama ta gane. Ta ce kwana biyun nan ina karatu kamar mai gudun ruwan sama, ina tsallake layi, mene ne? Na gaya mata. Duka.

Na zaci za ta yi faɗa, ko ta sa albarka irin ta iyayen cikin littafi. Ba ko ɗaya. Ta juya fuska wajen bango, can ta ce, "Ni kuma fa?" Da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba. Sai hawaye, har ta idon da aka yi wa aiki. Ta kai hannu za ta murza, na riƙe hannun, ta fizge, na sake riƙewa. Muka zauna haka. Ni ina tsoron aikin ya lalace, ita ban san me take tsoro ba. Na sani mana. Tun rasuwar Baba ba ta taɓa kwana ita kaɗai a gidan nan ba.

Da ban faɗa ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Ba ta son karatu. Na ɗiga mata magani, ta ce an gode, kamar baƙuwa. Na ƙona tukunya. Na ɗauki waya zan ce wa mai shago ya nemi wani, na ajiye. Na sake ɗauka.

Asabar, 21 ga Yuni

Da hantsi ta ce in ɗauko mai gareji mu ƙarasa. Matar ta riƙe garejin, amma babban baffan nata ya daina gaisawa da ita, kuma har littafin ya ƙare ba su shirya ba. Mama ta ce ta yarda da wannan marubuciyar, ba ta yi mana ƙarya ba.

Na rufe littafin. Ta ce ku biyu na haifa, ba ke kaɗai ba. Ta ce amma ita ba za ta iya gaya masa ba, don in ya shigo yana kallon agogo tausayinsa take ji, ko ruwa ba ta iya cewa ya miƙo mata. "Ke ce mai bakin. Ko a shago kawai yake aiki?"

Ba ta ce in tafi ba. Ba ta kuma ce kar in tafi ba.

Talata, 24 ga Yuni

Na je ofishin Yaya. Na jira a benci wajen na'urar ruwan sanyi, na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa. Da na shiga na ƙi zama, don na san in na zauna zan tambayi lafiyar yara in tashi.

Na ce an ba ni reshe kuma ina so. Na ce aikin ido na biyu shi zai ɗauki hutu, kuma mu zauna mu tsara yadda Mama ba za ta kwana ita kaɗai ba. Ya ce na san yadda aikinsa yake. Na ce nima aiki nake yi, Yaya. Ya ce ko maganin idon nan bai iya ɗigawa ba. Na ce zai koya, nima ba da shi aka haife ni ba.

Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce littattafan nan sun juya mini kai, wai uwa tana kwance ni ina lissafin tafiya. Wannan ta shige ni. Na ji hawaye na tahowa, na ce sai anjima, na fito. Ban ba shi haƙuri ba. 

Alhamis, 26 ga Yuni

Shiru. Bai kira ni ba, bai kira Mama ba. Ita ma ba ta tambaya ba, amma duk motar da ta tsaya a layi sai ta karkata kunne.

Asabar, 28 ga Yuni

Ya zo da 'yar jaka a kafaɗa. Ya gaida Mama, ni ya ce mini "ke" kawai, ina maganin? Na nuna masa: a wanke hannu, a ja fatar ƙasan ido, kar bakin kwalbar ya taɓa. Ɗigon farko a kumatu ya sauka. Mama ta ce idon yana sama, Babban mutum. Bai yi dariya ba. Na biyu ya shiga.

Na tafi shago na yini. Ban iya sayar da komai da kyau ba, ina ta duba waya.

Da na dawo, tun daga tsakar gida na jiyo muryarsa. Karatu yake mata, littafin matar da ta koma aji, a hankali, kamar mai karanta sanarwa, Mama tana ce masa ya sa wa karatun armashi mana. Na tsaya a bayan ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Da ya gan ni ya rufe littafin da sauri. Can da zai shiga ɗakinsa na dā, ba tare da ya dube ni ba, ya tambaya ko matar ta ci jarrabawar. Na ce ya karanta ya gani.

Litinin, 30 ga Yuni

Ba wai na ce wa mai shago na yarda ba. Na dai tambaye shi yaushe kafinta zai gama kantocin can, kuma na ce kar a jera komai sai na gani.

Yaya har yanzu a taƙaice yake amsa mini. Ba mu gama tsara kwanan Mama ba, ya ce zai yi magana da matarsa, na ce da ita da Mama duka. Mama ta tashi yau da fushi, ta ce shayin da na haɗa ba daɗi, sannan ta tambaya ko garin can akwai sanyi.

A hanyar dawowa na sayi akwati. Ba don komai ba, tsohon zif ɗinsa ya daɗe yana cijewa. Mai kayan ya nuna mini ƙarami, ya ce wannan ya isa tafiyar mako guda. Na ce ya sauko da babban da ke sama.