Tukunya Mai Lamba 212

Chaco, 4 ga Maris, 1961

Yaya Celestino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Ermelinda, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Ni ina nan ina gyaran famfo ƙauye-ƙauye, takardar injiniyata tana ƙasan akwati tana cin ƙura.

Na ga injinmu a wani wurin yanka katako, yana jan zarto, sunan gidanmu, Ferraudo, na ƙyalli a jikinsa. Tukunyar tururinsa lamba 212 ce.

Tun da kakanmu ya bar ƙera garma ya koma injin tururi da na sussuka, ba a sallamar tukunya sai ɗan gida ya hau kanta ya zauna, an hura wuta har ƙarshe, don a ga ba za ta fashe ba. Don wannan manoma ke saye. Ka tuna 212 lokacin yaƙi muka yi ta, da ƙarfen tsohon jirgin ruwa. Baba na kwance asibiti. Ka dube ni, na dube ka, ba wanda ya hau, muka buga hatimi.

Yanzu ruwa na tsatsafowa daga gindin ƙusoshinta, kuma mutum tara ke aiki a gefenta. Na gaya wa mai wurin, Don Eleuterio, sai ya yi dariya ya ce, "Maigida, Ferraudo ce fa. Ɗan gidan ya zauna a kanta." Na ce ni ne ɗan gidan, ban zauna ba. Ya dubi tsohon takalmina ya ce, "To ni ma ƙanen Fafaroma ne. Zo ka sha shayin mate."

Don Allah ka rubuto masa a takardar kamfani, da sa hannunka, cewa ya daina hura ta. Kai zai yarda da kai. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da na bar gida.

Ƙanenka,
Anselmo

Chaco, 29 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Amsarka ta iso. Ka ce sunan nan iyali arba'in yake ciyarwa, kuma tukunyar da ta yi shekara goma sha takwas za ta ƙara wasu. Rubutunka na nan da kyau kamar da.

Ranar Lahadi da hantsi, suna coci, na shiga wurin yanka katakon da guduma da kurfin huda ƙarfe. A bugu na uku kurfin ya shige jikin tukunyar, kamar na huda gwangwanin kifi. Na zauna a ƙasa har suka dawo suka same ni.

Daga ofishin 'yan sanda nake rubuto maka. Mutum taran sun rasa aiki. Matar mai hura wutar tukunyar ta zo har taga ta tofa mini yawu, ta ce, "Tsohon banza, me za mu ci?" Ban ga laifinta ba.

Kada ka turo lauya. Ƙarfen jirgin nan tukunya uku ya yi, kuma kai ka sayar da su. Ina 213 da 214 suke?

Ka gaida Ermelinda.

Anselmo