Durƙuson da Na Koya Musu

Guangzhou, 9 ga Mayu, 2008

Zuwa ga Baba Kallamu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran 'yan rawarmu. Yaya gwiwar taka?

Baba, na bar ɗaurin kwali a kasuwar Baima. Wani gidan wasa zai nuna wasan waƙa da rawa a kan Afirka saboda baƙin Olamfik, suka ɗauke ni in tsara musu rawar. 'Yan rawa ashirin ne, duk 'yan China. Tsalle kam sun fi ni, amma ƙugunsu kamar an kafe shi da ƙusa. Na ɗaura musu akayau a ƙafa, ina koya musu koroso. Na fara da abin da ka fara mini da shi: ba a taka rawa sai an durƙusa wa wanda ya koya maka. Da farko dariya suke yi, yanzu sun saba.

Mai gidan wasan ya ce za a buga sunana a takardar shirin, na roƙi a sa naka kusa da shi. Zan aiko maka, ka nuna wa masu cewa ka ɓata ni.

Abokan ɗakina 'yan kasuwa ne, hirarsu takalma da kwantena. Ban faɗa musu ba. Ni kaɗai nake murnata.

Ɗanka,
Barmo

Guangzhou, 17 ga Agusta, 2008

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, ka gaida Inna.

Na daɗe ban rubuto ba saboda kunya. Saura mako uku a fara, aka kawo wani Bature don a ce shi ne mai tsara rawar. Tafinta ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, wai kowa ya san baƙar fata ya iya rawa, amma masu sayen tikiti sun fi yarda da sunan Bature a kan shiri. Baturen ba mugu ba ne. Yana tambayata, yana rubutawa a littafinsa. Fitilu kawai ya canza.

Ni kuma aka ce in sa fatar damisa in riƙa kiɗa a bakin ƙofa. Na ƙi.

Jiya da la'asar na sayi tikiti na zauna a layin ƙarshe. Na duba takardar gaba da baya, har na sa wanda ke zaune kusa da ni ya karanta mini rubutunsu na China. Babu ni, babu kai.

Da aka ɗaga labule, yaran suka fito, akayau na kaɗawa. Suka juya wajen Baturen a layin gaba, suka durƙusa su ashirin, gwiwar dama a ƙasa, yadda na nuna musu. Shi kuwa bai san me ake yi ba, ya ɗaga musu hannu.

Na yi kuka, Baba. Ko taku ɗaya ba su kuskure ba.

Takardar da na yi maka alkawari ba za ta zo ba. Amma kafin in fita, na durƙusa maka a tsakanin kujeru. Mai shara ta ɗauka wani abu na yar, ta zo tana taya ni nema.

Ɗanka,
Barmo